DAMO DA KATANTANWA, KO KUWA, INDA A KE AUNA HAƘURI

Ya ɗan'uwa mai-karatu, babu wanda ya girma a ƙasar Hausa da bai taɓa jin an kira damo sarkin haƙuri ba. Idan an ga mutum ana cutarsa ya yi kurum, a kan ce wane damo ne. Katantanwa kuwa, wadda waɗansu su ke kira dodon-koɗi, ba ta da kirari, ba mai-yabonta. Sai dai yara su tsinci koɗinta su yi wasa da shi. Cikin wannan ɗan littafi muna so mu ajiye su biyu gefe da gefe, mu dube su da kyau, domin mu sami amsar wata tambaya wadda ta shafi kowane mutum da ya ɗaura niyyar gyara halinsa. Tambayar ke nan: a ina a ke gane haƙurin mutum?

1. Halitta biyu a gona ɗaya

A ƙasar Dinawa, da sauran garuruwan Wurno da Rabah da Goronyo, damina ba ta daɗewa. Ruwa ya kan kankama wajen watan Yuni, kafin watan Oktoba ya yi nisa ya ɗauke. Daga nan sai hunturu da ƙurarsa, sa'an nan bazara da zafinta, har ƙasa ta tsage, ciyawa ta ƙone, korama ta zama yashi. Wata bakwai ko takwas ke nan ba ɗigon ruwa a tudu. Manomi yana da rumbu, makiyayi yana da ƙafar tafiya, ya bi gulbin Rima da shanunsa. Amma ƙananan halittun da ke cikin gona fa, ina za su?

Ka fita da asuba bayan ruwan shuka, ka duba gindin kalgo ko ƙarƙashin tsohon ganye a bakin fadama, za ka ga katantanwa ta fito tana jan jiki, ta bar ɗan layi mai-ƙyalli a bayanta. Ka dakata har hantsi, wataƙila ka ga damo ya leƙo daga raminsa, ya rame, fatarsa ta yi tamoji, yana shan rana kafin ya shiga kiwo. Dukansu biyu sun ƙetare rani ɗaya cikin gona ɗaya. Bari mu ga yadda kowannensu ya yi.

2. Damo

Damo dabbar tudu ne. Tsawonsa ya kan kai wajen kamu biyu, watau mita 1, yana da kauri, da gajeren wuya, da farata masu-ƙarfi na haƙa, da harshe mai-baki biyu kamar na maciji, wanda da shi ya ke sansano abinci. Ɗan'uwansa guza, wanda ke zaune a bakin gulbi da tafkuna, ya fi shi tsawo, gama ya kan kai mita 2, ya kuma fi shi faɗa.

Da damina damo ba ya hutawa da ci. Yana bin fara da buzuzu da ƙadandoniya da kunama da ƙwai, yana tara kitse a ciki da wutsiya. Sa'ad da rani ya shigo, sai ya shige rami, ko tsohon suri, ko kogon itace, ya kwanta. Masu-binciken halin dabbobi da suka bi shi a ƙasar Senegal sun iske ya kan yi wata da watanni a haka, ba ya cin abin kirki, yana rayuwa da kitsen da ya tara. Wannan haƙuri ne na gaske da yunwa, ba mu kuwa raina shi ba.

Amma wani hali dabam ne ya ba shi sarautar haƙuri a bakin mutane, watau yadda ya ke yi idan an kama shi. Damo ba shi da murya sai huci. Maharbi ya tone raminsa, karnuka su kewaye shi, yara su yi ta jifa. Shi kuwa ya kumbura jiki, ya yi huci, ya kaɗa wutsiya, in abin ya fi ƙarfinsa ya yi lamo kamar ya mutu. Ba a jin kukansa. Mutane suka ga haka suka ce, lalle wannan ya iya haƙuri. Ana kashe shi domin nama da fata, har da fatarsa ko ta guza a ke rufe ƙoƙon goge. Wanda bai yi kuka da ransa ba, ga shi fatarsa tana kuka a hannun makaɗi. Cinikin fatun nan ya yi yawa a duniya har tun shekarar 1975 ƙasashe suka sa dangin damo cikin dabbobin da ba a fita da su ƙetare sai da izini.

To, ka riƙe wannan: dukan haƙurin da a ke yaba wa damo, a gaban wanda ya fi ƙarfinsa a ke ganinsa.

3. Katantanwa

Katantanwa kuwa ba ta kai tsawon yatsa ba. Ba ta da ƙashi, ba ta da farce, ba ta da gudu. Jikinta taushi ne da ruwa, abin da rana ɗaya ta bazara za ta busar. Tana da ƙahoni huɗu, idanunta suna bisa kan dogayen nan biyu. Ka taɓa su da tsinke sai ta janye su. A bakinta akwai wani ɗan harshe kamar magagari, mai-ƙananan haƙora dubbai, da shi ta ke kankare ganye da ruɓaɓɓen itace. Ɗakinta yana bayanta. Ita ta ke gina shi kaɗan kaɗan daga jikinta, da abu irin na ɓawon ƙwai, tana ƙara masa baki yayin da ta ke girma.

Yaya abu mai-rauni haka ya ke ƙetare rani? Sa'ad da iska ta soma bushewa, ta kan nemi inuwa, ko ta nutse cikin ƙasa, ta shige ɗakinta, ta shafe ƙofa da yauƙin jikinta. Yauƙin ya bushe ya zama murfi kamar takarda, ya tsare ɗan ruwan da ke jikinta. Daga nan numfashinta ya ragu, bugun zuciyarta ya yi sanyi, ta zauna tana jira. Mai-wucewa ya ga koɗin ya ce fanko ne.

Ga wani abin da ya faru a Ingila. A shekarar 1846 aka kawo wata katantanwa daga hamadar Masar zuwa babban gidan ajiye kayan tarihi na birnin Landan. Aka zaci matacciya ce, aka manna ta a jikin kwali, aka rubuta sunanta a ƙasa, aka sa ta cikin akwatin gilashi domin masu-kallo. Tana nan har watan Maris na 1850. Sai wani ma'aikaci ya lura da alamar sabon yauƙi a bakin koɗin. Ya ɓamɓare ta, ya sa ta cikin ruwa mai-ɗumi, sai ga ta ta fito da ƙahoninta. Shekara huɗu ke nan ba ci ba sha, a manne a kwali, amma da ta ji ruwa ta buɗe ƙofa.

Ashe wadda ba ta da kirari ta yi abin da mai-kirari ba ya iyawa. Wannan kaɗai ya isa ya koya mana kada mu auna halitta da girman jiki. Amma ba a nan maganarmu ta tsaya ba.

4. Ranar da suka gamu

Ka tuna mun ce gona ɗaya su ke. Me ke faruwa sa'ad da damo ya iske katantanwa a hanya?

Idan ka buɗe bakin ɗan damo za ka ga haƙoransa masu-tsini ne, na kama ƙwari. Amma sa'ad da ya girma, haƙoransa na ciki su kan yi faɗi, su dakushe, su zama kamar turame, ƙarfin muƙamuƙinsa kuma ya taru a can. Haka na guza ma su ke yi. Amfaninsu fasa ɓawo ne. Katantanwa tana cikin abincin da babban damo ya fi so. Ta ji motsinsa ta shige ɗaki, kamar yadda ta saba yi wa rani. Shi kuwa ya ɗauke ta da ɗakin duka, ya tura ta ƙuryar baki, ya murƙushe. Ɗakin da ya tsare ta daga zafin wata takwas bai tsare ta daga sarkin haƙuri ba ko na ƙiftawar ido.

Ka gani, ɗan'uwa? Kitsen nan da damo ya ke haƙurin rani da shi, har da na katantanwa a ciki. Da za a tara dabbobin gona a tambaye su wane ne sarkin haƙuri, maharbi da karensa za su ce damo. Amma ba a taɓa tambayar katantanwa ba.

Ba muna ɗora wa damo laifi ba ne. Dabba ce, cikinta ta ke bi, haka aka halicce ta, ba kuwa za a tambaye ta ba. Mun kawo shi domin ya zama madubi, gama akwai mutane da yawa masu irin wannan haƙuri, su kuwa za a tambaye su.

5. Kowa damo ne, kowa katantanwa

Ga wani magidanci. Hatsinsa ya ƙare tun bazara, ya tafi wurin mai-kuɗi neman bashin gero, a kan zai biya da ƙari in kaka ta yi. Mai-kuɗi ya bar shi a tsugune a ƙofar zaure har rana ta take, sa'an nan ya fito ya ci masa mutunci a gaban jama'a, ya tuna masa bashin bara. Magidancin nan bai ce uffan ba sai, Ranka ya daɗe, gaskiyarka. Waɗanda ke wurin suka ce, Kai, wane akwai haƙuri, damo ke nan.

Ya koma gida. Ya iske tuwo bai sauka ba, gama itacen ɗanye ne. Bai tambayi dalili ba. Dukan maganar da ya haɗiye a ƙofar mai-kuɗi ya amayar da ita a kan matarsa, har da mari. Matar ta yi shiru, gama ya fi ƙarfinta, maƙwabta kuma suka ce ita ma akwai haƙuri. Da ya fita, sai ta juya kan 'yar riƙon da ke gidan, marainiya, ta zage ta, ta hana ta tuwon dare a kan ta fasa ƙwarya. Yarinyar ba ta da wanda za ta juya kansa, sai ta ɗauki kara ta bi ɗan akuya da duka.

Ka ƙidaya: mutum uku, kowannensu an yabe shi ko an tausaya masa a kan haƙuri, amma ba ko ɗaya da ya tsai da muguntar. Kowa ya karɓe ta daga sama ya miƙa ta ƙasa, kamar ruwan da ke gangara. Abin da Hausawa ke kira barin jaki a daki taiki ke nan.

Shirun da mutum ya yi a gaban wanda ya fi shi, ba shi da wuya, gama ba shi da wata hanya. An ce faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa. Wannan dabara ce mai-amfani, ta kan tsirar da mutum, amma tsoro ma ya iya ta, kwaɗayi ma ya iya ta. Ba za ka san ko haƙuri ne ke cikin zuciyar mutum ko tsoro ba, sai ranar da ka ga wanda bai kai shi ba ya ɓata masa rai, ga ikon ramawa a hannunsa, ba kuwa mai-hana shi. Abin da ya yi a ranan nan, shi ne halinsa.

Kada kuwa ka ce, Ni talaka ne, ba ni da kowa a ƙarƙashina. Babu mutumin da ba shi da katantanwarsa. In ba ka da bara kana da mata. In ba ki da 'yar aiki kina da 'yar miji ko ƙanwa. In kai yaro ne akwai wanda ka girma. In ba kowa, akwai jakin da ke ɗaukar maka taki. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, noman rani ya ƙaru a kwarin Rima, ana albasa da tafarnuwa da shinkafa. Mai-gonar da ke kusa da bakin ruwa, ko da shi ba kowa ba ne a gari, damo ne ga wanda gonarsa ke can ƙarshen lambatu: in ya tare ruwa ya wuce rabonsa, albasar ɗan'uwansa ta bushe, ba kuwa wanda zai ji kukanta. Haka mai-awo ga tsohuwar da ba ta gani sosai, haka wanda ya iya karatu ga wanda ya kawo masa takarda ya karanta masa.

6. Gardama uku

Wani zai ce, Ai haka duniya ta ke, babba ya ci ƙarami. Damo ya ci katantanwa, gaggafa ta ci damo. Don me mutum zai fita dabam? Amsa ita ce, domin an ba mutum abin da ba a ba damo ba. Damo ba ya iya tsayawa ya ce, Yaya zan ji da ni ne cikin koɗin nan? Kai kuwa ka iya, gama jiya jiya kai ne a tsugune a ƙofar zaure, ka san ɗacin abin. Wanda ya ɗanɗana wulakanci da safe, ya kuma shayar da shi ga wani da maraice, ba zai ce bai sani ba. Kakanninmu ma ba su ce babba kura ne ba. Cewa suka yi babba juji ne, kowa ya kwaso shara a kansa ya ke zubawa. Juji kuwa ba ya mai da shara gidan wanda ya kawo ta, ba ya kuma tura ta gidan maƙwabci. A wurinsa ta ke tsayawa ta ruɓe, har ta zama takin da a ke kai wa gona.

Wani kuma zai ce, In na sassauta wa na ƙasa da ni, raini zai shiga, gida ya lalace. Ba mu ce kada ka yi horo ba. Uban da ba ya tsauta wa ɗansa ba ya ƙaunarsa. Amma horo dabam, huce haushi dabam, kai ma ka san bambancinsu a zuciyarka. Mai-horo ya kan tambaya tukuna, ya auna laifin, ya yi magana daidai da shi, in ya gama ya gama. Mai-huce haushi ba ya tambaya, gama ba laifin yaron ya ke hukuntawa ba, laifin mai-kuɗi ne. Ga alama mai-sauƙi: in abin da ka yi wa fushi yau, jiya an yi shi ka yi dariya, to, ba daga gidan fushin ya fito ba, daga waje ka shigo da shi. Wanda a ke tsoro a gida, ranar da ƙarfinsa ya ƙare za a gudu a bar shi. Wanda a ke jin kunyarsa, har ya tsufa ana tashi a ba shi wuri.

Na uku zai ce, To, ni da na ke katantanwa fa, sai in shige ɗaki in rufe ƙofa har abada, a yi ta murƙushe ni? A'a. Dubi katantanwa da kyau. Tana rufe ƙofa domin rani, abin da ba ta da iko a kansa, kuma ba ta rufewa sai da niyyar buɗewa. Ruwa na sauka ta fito. Wadda ta ƙi fitowa bayan ruwa ya zo, matacciya ce. Akwai wahalar da ba ta da magani sai jira, kamar fari irin na 1973 da 1984, ko ciwo, ko rashi. A nan mahaƙurci mawadaci ne. Amma zalunci ba rani ba ne, mutum ne ke yinsa, ana kuwa iya hana shi. Matar da a ke duka, maraya da a ke cinye gadonsa, manomin da a ke tare wa ruwa, ba a ce su yi lamo kamar damo ba. Akwai iyaye, akwai dattawa, akwai mai-unguwa da hakimi da alƙali. Kai ƙara da ladabi, ba tare da ƙarya ko ramuwa ba, ba rashin haƙuri ba ne. Kai kuma da ka ke gani ana murƙushe wani a gabanka, ka yi shiru, kada ka kira shirunka haƙuri, gama ba a jikinka a ke yi ba.

7. Abin da ya kamata ka yi

Ɗan'uwa, in ka ɗaura niyyar sabon hali, ka sani mutanen gari za su zuba maka ido, waɗansu ma za su gwada ka da ba'a su ga ko za ka tanka. In ka daure, madalla. Amma kada ka ɗauki yabon waje ya zama ma'auninka. An ce gwano ba ya jin warin jikinsa. Mutum ya kan ƙidaya zagin da ya haɗiye, ya manta da wanda ya furta. Masu-shaidar gaskiya a kanka suna cikin gidanka, su ne waɗanda ba a tambayarsu. Allah kuwa, wanda ya yi damo ya yi katantanwa, yana jin ƙarar fashewar koɗi ko da ba kowa a gonar.

Saboda haka ga shawara uku. Ta fari, ranar da aka ɓata maka rai a waje, kada ka shiga gida da shi a baki. Tsaya a zaure, ko ka zaga gona, har zuciyarka ta sauka, in kuwa ka shiga ka faɗa a fili, An ɓata mini rai yau, ba ku ba ne. Ta biyu, kafin ka ɗaga murya ga na ƙasa da kai, ka tambayi kanka, Da hakimi ne ya yi mini wannan, da yaya zan yi magana? Ko rabin ladabin nan ka ba yaronka, ya isa. Ta uku, in ka riga ka murƙushe wani, koma ka ce masa ka yi kuskure, ko da ɗanka ne, ko da baranka ne. Wannan ya fi azumin damo wuya, amma shi ne ke tsai da ruwan nan mai-gangara.

Kafin ka ajiye littafin nan, ka amsa waɗannan a zuciyarka, ba sai ka gaya wa kowa ba:

Su wane ne suka fi ƙarfina, yaya kuma na ke magana a gabansu?

Su wane ne na fi ƙarfinsu, yaya kuma na ke magana da su?

In an tara su yau aka tambaye su a bayan idona, za su kira ni mai-haƙuri?

Wace ƙofa ce na rufe tun da daɗewa, ga shi ruwa ya sauka ban buɗe ba?

Damina mai-zuwa, in ka ga ɗan layin nan mai-ƙyalli a bakin gonarka da asuba, ka ɗaga ƙafa ka ƙetare ta, sa'an nan ka tuna da waɗanda ke jiran komowarka a gida. Allah ya ba mu haƙurin da na ƙasa da mu za su shaida.